Jan Zare a Wuyan Rigar Deok-bae

Duk unguwarsu a garin Mokpo, babu gidan da ba a taɓa sa saƙar Pyo Gil-sun ba. Mace ce mai tsiwa, hannunta kuma ya fi bakinta sauri. Tana saƙa tana faɗa da mai kifi, ko kallon allurar ba ta yi. Shi ya sa da yanar ido ta fara rufe mata gani, babu wanda ya gane.

Ita kuwa ta ja bakinta ta yi gum. Mijinta Deok-bae yana gidan kula da tsofaffi a bayan kasuwa tun da ɓarin jikinsa ya shanye, kullum sai ta kai masa miya. 'Yarsu Hye-ran ta sha faɗa cewa ranar da lafiyar uwar ta taɓu, sai ta ɗauke ta zuwa Seoul. To wa zai kai miyar?

Da bazara ta saƙa masa 'yar suwaita mai maɓalli, shara-shara, saboda sanyin fankar ɗakinsu. Dokar gidan ce a sa suna a kayan kowa, sai ta laluba kwando ta ɗauko baƙin zare, a ganinta, ta ɗinka sunansa a cikin wuya.

Ranar da Hye-ran ta zo, ta cire wa uban rigar za ta wanke. Gil-sun na tsaye a gefe.

"Omma, wane marar imani ne ya sa sunan Baba da ja?" Hye-ran ta tambayi uwarta.

Ja! Ai a al'adarsu sunan mamaci ake rubutawa da ja. Ita Gil-sun da hannunta ta yi wa mijinta fatan mutuwa, ta kuma ɓalla masa maɓallan tana yabon kanta. Ta zauna a bakin gado.

"Baƙi ne," ta ce.

Hye-ran ta ja da baya. Sannan ta ɗaga hannu daga bakin ƙofa. "Yatsu nawa na ɗaga?"

Gil-sun ta ƙanƙance ido, ta kasa rarrabe yatsun.

"Ƙyale uwarki," in ji Deok-bae da bakinsa da ya karkace. "Tun ranar da ta kawo na gani."

"Ka gani, ka sa?" Gil-sun ta juyo. "Kai wane irin tsohon banza ne?"

"In na ba su wanki, za su gani, su kira yarinyar nan. Shi ya sa nake kwana da ita. Sun ɗauka rikicin tsufa ne."

Sai yanzu Gil-sun ta gane dalilin warin da ta yi ta yi masa gori a kai. Hye-ran ta fita, ana jin ta a waya tana tambayar likitan ido a Seoul.

Gil-sun ta jawo rigar, ta fara tsinke zaren da farce.

"Bar shi," ya ce. "Gobe wa zai ɗinka mini wani?"