Takardar da Na Liƙa a Ƙofa

A shekarun da nake aikin fassara a wani kamfanin gine-gine a Riyad, mun kafa 'yar ƙungiyar wasan kwaikwayo a unguwar Malaz. Wani direba, mutumin Zariya, shi ya kawo shawarar, bayan 'yarsa ta dawo daga makaranta tana tambaya ko "abda" sunan ƙabilarmu ne. Baiwa ke nan da Hausa. Muka ce za mu shirya wasa a kan rainin da ake wa baƙar fata, yaranmu su yi, iyaye su kalla. Duk Juma'a bayan la'asar muna haɗuwa a wani ɗaki a ƙasan benen da yake haya.

Ni ne mai karatun cikinmu, abin da ya jawo mana ke nan. Aka ce in rubuta sanarwa da Larabci saboda yaran da Hausa ta kuɓuce musu. Da na zo kan "ƙungiya" sai na tsaya ina auna kalmomi kamar mai sayen zinariya, na zaɓi "tanzim" don ta fi cika baki. Na liƙa a ƙofa. Sam ban tuna ba cewa a lokacin, in mai karanta labarai a talabijin ya ce tanzim, masu dasa bam yake nufi.

Juma'ar da ta biyo baya direban ya tare ni a bakin titi.

"Malam, me ka rubuta mana?"

"Sanarwa."

"To mai benen nan ya ɗauki hotonta da waya. Ya ce a turo masa shugaba."

"Ai ba mu da shugaba."

"Yau mun yi. Ba kai ka iya Larabci ba?"

Na dafa aljihu na ji igamata. Katin zaman nan shi ne aikina, shi ne makarantar 'ya'yana. Kira ɗaya zuwa ga hukuma ya isa a kai ni tarhil, inda ake tsare waɗanda za a kora gida. Na hau sama, inda mai benen yake zaune.

Dattijon bai ce in zauna ba. Ya juyo min wayar. Na fara bayani da Larabcin littafi, ina tafka kurakuran da ko ɗan aji ɗaya zai ji kunyarsu. Na ce wasan yara ne, ya shaikh, wallahi wasa ne.

"A kan me?"

"A kan ladabi," na ce. Kalmar da aka kira yarinyar da ita ta ƙi fitowa daga bakina.

Dattijon ya ajiye wayar. Sannan ya ce a cire takarda, taro ya ƙare daga yau, hoton kuma zai ajiye shi a wurinsa.

Na sauko na ɓare takardar da farce. Muka gaya wa yara an ɗage wasan, ba mu faɗi rana ba. Saura wata bakwai a sabunta min igama, kuma a cikin watannin nan, duk lambar da ban sani ba in ta kira ni, sai in zuba wa wayar ido har ta gaji ta yi shiru.