Na'urar da Bashiru Ya Bari a Kunne

Shekarun baya, bayan an soma zaɓe a ƙasar nan kuma bakin kowa ya buɗe, na ji a teburin mai shayi wai Bashiru, ɗan ƙanwata Rakiya, ya yi wa ordinata, wato kwamfuta, tambayar da amsarta ba za ta riske shi da rai ba. Na yi dariya. Na san unguwarmu Zongo da ƙarin gishiri.

Ran wata Talata ina alwalar la'asar maƙwabcina ya shigo ba sallama, ya tsaya yana kallon buta. Inna lillahi wa inna ilaihi raji'un. Bashiru ya cika a lopital, babban asibiti.

Malamin kimiyyar fizik ne a jami'a. Ya rubuta manhajar da ke kwaikwayon zaman ƙwayoyin zarra, waɗanda ido bai taɓa gani ba, idan sun taru da yawa. Na taɓa ce masa, “Kai yaro, abin da ba a gani, ina ruwanka da taronsa?”

Bai yi fushi ba. Ya kai ni kasuwar Misebo, ya nuna mini cunkoso. “Kawu, a can ƙasa, cikin ƙwayoyin nan, ba a ba da labarin ɗaya sai da na kowa. Ka ƙara ƙwaya guda, lissafi ya ninka.”

“To, yaushe za a gama?”

“Sai an san abin da za a yar, kawu. Nan gwanintar take.”

Shi kuwa bai iya yar da kowa ba. An kira shi Turai, ya ce wa zai kai uwarsa awon jini? Sai ya zauna da tsohuwar na'ura da wutarmu mai zuwa da tafiya.

Bayan sadakar uku matarsa Zuwaira ta buɗe mini ɗakinsa. Na'urar na ta huci, lambobi na sauka. “Baba, 'yan'uwansa na son ɗakin. In kashe?” Babu wanda ya san inda lissafin ya kai. Na ce a bari tukuna. Har yau tana share ƙurarta, ba mu san me muke jira ba.

Allah ya jiƙan Bashiru, ya haskaka kabarinsa. Ya ba Rakiya da Zuwaira haƙuri, ya raya abin da ya bari.

Maganar teburin shayi kuwa, na sake jin ta kwana kaɗan kafin rasuwar, a bakin gadonsa. Bashiru da kansa ya faɗa mini gaskiya ce.