Jeri Ukun Masu Ba da Jini

Yayata Hawwa Kyari ta yi shekara goma sha ɗaya tana buga wa mutane takardu a wani ɗan shago kusa da tasha a Potiskum. Mu a gida Ya Hawwa muke ce mata, don kakanmu mutumin Borno ne. Karatunta bai wuce sakandare ba, amma in abu ya shige mata duhu ba ta sakinsa. Da aikin buga takarda ya ja baya, sai ta riƙa bin darussan rubuta manhaja a tsohuwar kwamfutar shagon, tsakanin kwastoma da kwastoma. Shekara biyu tana haka, muna yi mata dariya.

Wata Laraba Malam Abbas, mai aikin gwajin jini a wani asibiti, ya zo mata da damuwa. Ƙungiyoyi uku ne ke da sunayen masu ba da jini kyauta: direbobin tirela, matasan Bolewa, da 'yan kara masu harkar shanu. Kowacce da nata jerin. In an kawo mara lafiya, sai ya bi jeri uku yana kira, wani ma ya kira shi sau biyu.

Ya ce, "Malama, buga min su kawai a takarda ɗaya."

Ta ce, "Malam, ba ni mako guda. Zan yi maka abin da ya fi takarda."

Ta mayar da kowane mutum ƙunshi guda a kwamfuta: sunansa, lambar wayarsa, rukunin jininsa, da ranar da ya ba da jini na ƙarshe. Da ta jona jerin ukun sai suna ɗari tara da sha biyu suka fito, alhali mutanen ba su kai haka ba. Mutum ɗaya Muhammadu ne wurin direbobi, Mamman a Bolewa, Modu a kara. Ta ga suna ba abin dogaro ba ne, sai ta kama lambar waya. Ta rubuta wa manhajar cewa duk inda lamba ta zo ɗaya a haɗe ƙunshin, a ɗauki sabon bayani a bar tsoho. Jerin ya sauko ɗari shida da arba'in.

Na ce mata ai ta gama. Ta girgiza kai, ta nuna min wani Muhammadu Lawan na ƙauyen Danchuwa. A jerin direbobi jininsa O ne, amma bayan haɗin ya koma B.

Ta ce, "Jamilatu, waya tana canzawa, adireshi yana canzawa. Jinin mutum kuwa ba ya canzawa. Manhajar ba ta san wannan ba, ni ce ban gaya mata ba."

Ta ƙara doka: in rukunin jini ya saɓa, kada a haɗa, a ware gefe. Ƙunshi goma sha bakwai suka faɗo. Wasu ta warware ta waya. Sauran ta rufe shago ta bi su gida gida a Keke Napep. Ni na raka ta Danchuwa. Muka tarar da dattijo yana sussukar gero, ta gaishe shi ta tambayi Muhammadu Lawan.

Ya yi dariya ya ce, "'Yata, wanne? Direba ko manomi? 'Ya'yan wa da ƙani ne, sunan kakansu aka sa musu, waya ɗaya suke riƙewa."

Muka kamo hanyar dawowa har muka kusa gari. Ta ce, "Da na bari, da an kira wanda ba shi ba, mara lafiya na kwance yana jira."

Ta raba su biyu, ta ba kowane mutum a jerin lambarsa ta kansa.

Bayan wata biyu aka kawo wata mai haihuwa daga ƙauyen Ngojin, jini ya ƙare mata, kuma nata irin mai wuyar samu ne. Malam Abbas ya danna rukunin a wayarsa. Suna huɗu suka fito, manhajar ta cire ɗaya don bai daɗe da bayarwa ba. Na biyun da ya kira, wani direba Yunus, yana tsaka da lodin shanu a kara. Ya bar motar ya hau babur, ya zo asibiti ya ba da jini. Matar ta tashi, ita da jaririyarta.

Ranar suna mijin ya aiko da cinyar rago shagon. Ya Hawwa ta ji kunya har ta rasa inda za ta sa kanta. Babanmu kuwa ya zauna a ƙofar gida, duk wanda ya wuce sai ya tsayar da shi ya ce, "Ka ji aikin Hawwa?" Ko kunna kwamfuta bai iya ba, amma sai ya yi ta bayanin yadda ake ware ƙunshi.

Yanzu ƙungiyoyi bakwai ke aiko mata da sunaye duk ƙarshen wata. Tana nan a shagon, kuma in ka kawo takardar neman aiki za ta buga maka.