Zumar da Inna Ta Tafasa

Kututturen dawa ne ya soki Baba a dunduniya a gonarmu ta Dudunni. Ga mai ciwon suga kuwa, ƙaramin rauni ba ƙarami ba ne. Ciwon ya zama gyambo, aka sha allura da kafso har muka gaji, likita a Kankiya ya ce ƙwayoyin cutar sun daina jin magani. In ba a ga sauƙi ba, sai dai a yanke ƙafar.

Lokacin ina koyar da kimiyya a Kusada, kuma ni mutum ne mai shisshigi. Na taɓa karanta cewa ƙudan zuma na zuba wasu ƙananan sinadarai a cikin zumarsa, masu fasa jikin ƙwayoyin cuta, har da masu taurin kai. Na tambayi likitan. Ya ce bai yi mini alkawarin komai ba, amma a gwada zumar tare da magani, muddin ɗanya ce wadda wuta ba ta taɓa ba, don zafi na kashe amfaninta.

Nemanta ya zama aiki. Da muna yara kowace ɗorawa da amyarta, amma tun da aka shiga yi wa wake feshi yana cikin fure, ƙudan ya yi ƙaura. Ta bakin titi kuwa rabinta sukari ne. Da ƙyar wani dattijon Bafulatani a bayan ƙauyen Boko ya yanko mini saƙar da ta rage a amyarsa, ya ce wata kuma sai baɗi in da rai.

Na ba Inna, mahaifiyata, ta ajiye, na wuce makaranta. Da na dawo, tun daga zaure ƙamshi ya tare ni. Ga zumar a tukunya a kan murhu, Inna ta tace ta tas, tana ta murna.

"Inna, mi kika yi haka?"

"Ai malamar asibiti ta ce duk abin da za shi taɓa ciwon nan a tafasa shi. Ga matattun ƙudaje ciki, in sa ma Malam ƙazanta?"

Raina ya ɓaci, na faɗa mata abin da wuta ta cinye. Ta yi tsaye da ludayi a hannu. Haka muka riƙa shafa dafaffiyar, gyambon yana ta ci.

Ranar da za a kai Baba Katsina a yi aikin, ta riƙo rigata a bakin mota.

"Da ban dafa ba, da ƙafar ta tsira?"

Na ce mata a'a, abin ya riga ya yi nisa. Gaskiyar ita ce ban sani ba, likitan ma bai sani ba. Ita kuma ba ta yarda da ni ba, don har yau in na je gida, sai ta bari Baba ya ɗingisa da sandarsa zuwa masallaci, sannan ta sake tambayata.