Kwamfutoci Goma a Ofishin Firinsifal

Shekarar da aka kawo wa makarantarmu kwamfutoci, lissafi nake koyarwa a wata ƙaramar sakandare a Zandam. Kwamfutocin na tafi-da-gidanka ne, guda goma, sababbi fil. Firinsifal ya jera su a ofishinsa, ya aika gida aka kawo zanin gado mai furanni ya lulluɓe su. Wutar lantarki kuwa, turakunta muke da su, don ado.

Aka tura mu bita ta kwana uku a Birnin Kudu, ni da malamar kimiyya, wata Kirista 'yar Filato da ta daɗe a Zandam. Mai bitar ya zo da majigi, janareto ya ƙi tashi. Bawan Allah bai karaya ba. Ya ɗauki alli ya zana mana kwamfuta a allo.

"Kowa ya danna nan," in ji shi.

Muka danna iska. Rana ta uku aka ba mu takardar shaidar ƙwarewa.

Da muka dawo na sami firinsifal.

"Ranka ya daɗe, a ba ni ɗaya in kai wa mai caji, yara su ga yadda take."

"Malam, kayan gwamnati ne. In ta lalace, kai za ka yi bayani?"

"To amfaninsu fa?"

"Ana zuwa dubawa."

Gaskiyarsa. Duk zango jami'ai kan zo, a yaye zani, su ga komai lafiya, su yaba mana a kan rungumar fasahar zamani, su ci dambu su tafi.

Ita Malama ba ta tambayi kowa ba. Ta sauke bidiyon yadda zuciya ke harba jini a wayarta mai fasasshen gilashi, ta riƙa bi benci-benci tana nunawa. Wata ɗaliba ta dafe ƙirji.

"Malama, haka tawa take yi yanzu?"

"Haka take yi tun kafin a haife ki."

Ajin ya yi tsit. Shirun ne ya jawo firinsifal, don bai saba jin sa ba. Ya leƙo ta taga. Kafin a tashi ya aiko mata da takardar tuhuma: wasa da waya a lokacin aiki.

Ta amsa laifinta a layi biyu, cikin ladabi. Daga ranar ta mayar da darasin gindin darbejiyar da ke bayan makewayi, inda wari ba ya barin manya su ƙarasa. Mako na gaba ni ma na kwashi nawa ajin muka bi ta.