Maganin Mutum Biyu, Mai Sha Ɗaya

Ana sallame asuba muka bar Ƙanƙara, ni da goggona da direba, don a hanyar nan yanzu mai hankali ba ya bari la'asar ta same shi. Wani ƙauye a gefen Sabuwa muka nufa. Ƙanwata ke aure can, kuma tun kafin damina take fama da ciwon mara.

Daga Mabai zuwa Yankara dawa ta yi kyau, sai dai gonaki da yawa ciyawa ce ta gaje su. A kasuwar Yankara muka karya da waina, wadda ta ƙanƙance kamar ita ma tsoro take ji. Gefenmu wani mai magani na ta shela da lasifika: kwalba ɗaya tana kashe sanyi, basir, shawara da mantuwa. Goggo ta ce saura talauci kawai. Mata kuwa sun yi masa layi.

Bayan Faskari hanya ta lalace, muka isa da hantsi. Na tarar da ƙanwata tana surfe a duƙe, hannu ɗaya dafe da mara. A ɗaki ta nuna mini tsagar da wanzami ya jera mata a ƙasan cibiya, wai don fitar da mugun jini. Kwalaben jiƙo sun cika bayan gado.

"Sanyi ne," in ji surukarta. "Wace mace ce ba ta da shi? A bari a cire masara tukuna."

"Inna, masara ba ta ruɓewa a tsaye," Goggo ta ce. "Ɗiyata kuwa tana ruɓewa."

Da ƙyar mijin ya yarda ya biyo mu wani ƙaramin asibiti a cikin gari. Bayan awo da hoton ciki, ma'aikaciyar jinya ta zaunar da mu. Ta ce ciwon mara alama ce, kuma abubuwa da yawa ke kawo shi: ƙari a mahaifa, ciwon mafitsara, cikin da ya zauna a wajen mahaifa, ko ƙwayar cuta da ta hau sama. Kowanne da maganinsa, shi ya sa sai an duba. Na ƙanwata ƙwayar cuta ce. Ta riga ta toshe bututu ɗaya na mahaifa, ɗayan ne ya rage mata in har za ta haihu. Sharaɗin warkewa: ta shanye maganin har ƙarshe, mijin ma ya sha nasa a lokaci guda, su kuma ƙaurace wa juna sai sun gama. In ba haka ba, zai sake mayar mata.

Mijin ya yi dariya. "Malama, sanyi ai ciwon mata ne. Ni mi ya same ni? Jiya ma huɗa na yi."

Ta ce namiji kan ɗauki cutar bai ji komai ba. Ya miƙe ya ce ba za a kira shi mai ciwon mata a gaban surukai ba. Ya hau babur ya tafi.

Muka taho da ita. Ta kwanta a kujerar baya, kowane rami sai ta cije leɓe. Wajen Faskari ta ce, "Yaya, in na warke ai komawa zan yi, ko?" Na mayar da ido kan hanya. Goggo ma taga take kallo.

Mun shigo Ƙanƙara ana shirin la'asar. Abin da tafiyar ta koya mini shi ne, nisan asibiti da munin hanya duk ana iya cin ƙarfinsu da mota. Sunan nan "sanyi" da ake lulluɓe kowane ciwo da shi, da girman kan namiji ɗaya, su ne suka fi ƙarfinmu.

Ƙanwata tana shan nata safe da yamma, ciwon ya fara sauƙi. Nasa ƙunshin yana nan cikin jakar Goggo, ba a ko kwance ba. Jiya ya aiko a tambaya yaushe za ta koma, an fara cire masara.