Baƙin Man Zinder a Hanyar Lyon

Jama'a, yau motata ta kunyata ni!

Kun san kullum ina cewa ƴar ƙaramar motar nan tawa mai turbo, na'urar ƙara wa inji ƙarfi, jirgin ƙasa ma ba ya kamo ta. Da asuba na ɗauko Malam Isuhu daga unguwar Porte de la Chapelle a babban birnin Faransa, shi zai raɗa sunan jikan Hajiya Rabi a Vénissieux, kusa da birnin Lyon. Na ce: "Malam, kafin ka ja carbi sau uku mun isa."

Rabin hanya sai jar fitila ta kama. Hayaƙi ya turnuƙe, wallahi har tsuntsaye na tari! Hajiya sai kira take, baƙi sun zauna.

Aka jawo mu gareji. Makanike ya ce: "Wane baƙin mai ka zuba?" Na ce mai kauri, irin na motocinmu na Zinder, da hannuna na zuba. Ya ce injin nan tsinkakke yake sha, nawa bai kai ga turbo ba, ta ƙone.

Ta waya aka raɗa suna! Malam ya ajiye wayar ya ce: "Alhaji, komawa dai a jirgin nan da ba ya kamo ka zan yi."